Gwaje-gwajen Lafiya A Cibiyoyin Maganin Itatuwa: Wanda Za A Dogara Da Shi Da Wanda Za A Guje Wa

Gabatarwa

Cibiyoyin da ke ba da maganin itatuwa da ganyayyaki da ƙwayoyin ƙarin kuzari sun yawaita a garuruwanmu, har wasunsu sun fara bin kasuwannin ƙauye da motoci ɗauke da lasifika da kwamfuta. Abin da ya bambanta su da masu maganin gargajiya da muka gada shi ne, kafin su ba da magani sai sun ce za su yi wa mutum gwaji ko sikanin, su miƙa masa takarda mai ɗauke da lambobi da zane-zane masu launi. Da yawa daga cikin jama'armu, musamman mazauna karkara waɗanda asibiti ya yi wa nisa, suna ɗaukar wannan takarda daidai da wadda ake bayarwa a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti.

Mun shirya wannan bayani ne domin al'umma da shugabanninta su san cewa gwaje-gwajen nan ba ɗaya ba ne. Akwai na gaskiya, akwai wanda ake yi a ɗakin gwaji amma ba ya nuna abin da ake cewa yana nunawa, akwai kuma wanda sunan gwaji kawai ya ara. Manufarmu ba ita ce ɓata sunan maganin gargajiya ba. Abin da muke so shi ne kada magidanci ya sayar da buhun hatsinsa ya biya kuɗin takardar da za ta ce yana da ciwon da ba shi da shi, ko ta ce lafiyarsa lau alhali cuta tana cin sa.

Asalin Wannan Hanya Ta Magani

Yawancin gwaje-gwajen da za mu yi bayani a kansu ba daga magabatanmu suka fito ba. Sun zo ne daga wata hanyar magani ta ƙasashen Turai da Amurka da ake kira nacurofati, wato neman waraka ta hanyar abinci, ruwa, iska, hasken rana, motsa jiki da tsirrai. Tushenta yana ƙasar Jamus, inda wani limamin coci mai suna Sebastian Kneipp, wanda ya rasu a 1897, ya shahara da yi wa mutane magani da ruwan sanyi da ganyaye. Wani mabiyinsa, Benedict Lust, shi ne ya yaɗa wannan hanya a Amurka tun daga farkon ƙarni na 20. A yau wasu jihohin Amurka da wasu lardunan Kanada suna ba masu wannan sana'a lasisi, wasu kuma ba sa bayarwa.

Masu wannan hanya suna cewa suna duba mutum ne gaba ɗayansa: abin da yake ci, yadda yake barci, damuwar da ke ransa da yanayin da yake zaune. Wannan shawara ce mai kyau wadda likitocin asibiti ma suke bayarwa. Matsalar tana tasowa ne a wajen gano cutar, domin duk maganin da aka gina a kan gwajin ƙarya, ko da maganin ba ya cutarwa, ya ɓata wa majinyaci lokaci da dukiya.

Masana suna auna ingancin kowane gwaji da tambayoyi uku. Na farko, shin yana auna abin da aka ce yana aunawa? Na biyu, idan aka maimaita shi a kan mutum ɗaya, sakamako iri ɗaya yake bayarwa? Na uku, shin yana iya rarrabe mai cuta da maras cuta idan mai gwajin bai san wanda ke gabansa ba? Da wannan ma'auni za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kashi Na Farko: Gwaje-gwajen Da Aka Tabbatar

Waɗannan su ne ake yi da jini, fitsari, bayan gida ko majina, a hannun ma'aikacin da ya koyi aikin. Ko likitan asibiti ne ya tura mutum, ko mai maganin itatuwa, amfaninsu ɗaya ne.

Zazzaɓin cizon sauro. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da cutar ta hanyar gwaji kafin a ba da magani. Ana ɗigar jini daga yatsa a kan ɗan katin gwaji, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20, ko kuma a shafa jinin a gilashi, a busar, a zuba masa rini, a duba da madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ya kamata a sani cewa katin yana iya ci gaba da nuna cutar har wasu makonni bayan an warke, saboda haka a gaya wa ma'aikaci idan ba a daɗe da shan magani ba.

Ciwon suga. Idan aka auna jini da safe kafin a ci komai aka sami 126 ko fiye a ma'aunin miligiram, wato 7.0 a ma'aunin milimol, kuma aka maimaita wata rana aka sake samun haka, to an tabbatar da ciwon. Akwai kuma gwajin HbA1c mai nuna yadda sugan ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, inda kashi 6.5 cikin 100 ko fiye yake nuna ciwon. Sai dai wannan gwaji yana iya kuskure ga masu sikila da masu ƙarancin jini, kuma irin waɗannan mutane suna da yawa a yankinmu.

Yawan jini. Gwajin PCV da na himogulobin su ne ke nuna ƙarancin jini. Mai juna biyu da himogulobin ɗinta ya gaza 11 tana da ƙarancin jini, kuma tana bukatar kulawar asibiti.

Hanta da ƙoda. Gwajin HBsAg yana nuna ko mutum yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, idan kuma ya ci gaba da nunawa bayan wata shida, cutar ta zauna ke nan. Gwajin ALT da AST yana nuna ko hanta tana jin jiki. Gwajin kiriyatinin a jini, tare da duba furotin a fitsari, shi ne ke nuna aikin ƙoda. Waɗannan gaɓoɓi biyu sukan daɗe suna lalacewa ba tare da mutum ya ji ciwo ba.

Tarin fuka. Majina ake gwadawa. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana ba da sakamako cikin kimanin awa biyu, kuma tana nuna ko ƙwayar cutar ta bijire wa ɗaya daga cikin manyan magungunanta. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe domin haka.

Sauran su ne gwajin ƙanjamau, gwajin jinotayif mai nuna AA ko AS ko SS, duba fitsari domin ƙwan tsargiya, da duba bayan gida domin tsutsar ciki. Game da jinotayif, idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila, kuma babu ganye ko saiwa da ke sauya jinotayif ɗin mutum.

Kashi Na Biyu: Gwaje-gwajen Da Ake Ɗora Wa Abin Da Ba Su Iya Ba

Waɗannan sun fi ruɗarwa, domin ana ɗibar samfuri da gaske, wani lokaci ma a aika shi ƙasar waje a kan kuɗi mai yawa.

Gwajin gashi. Ana yanke gashi a ce za a gano ma'adinan da jiki ya rasa da gubar da ta taru a cikinsa. A wani bincike da aka wallafa a 1985, wani likita a Amurka, Stephen Barrett, ya aika gashin wasu 'yan mata biyu masu cikakkiyar lafiya zuwa ɗakunan gwaji 13 masu wannan kasuwanci. Sakamakon ya saɓa wa juna daga ɗaki zuwa ɗaki, har ma a ɗaki guda idan aka aika gashin mutum ɗaya sau biyu. A wani bincike da aka wallafa a 2001, wasu masu bincike sun raba gashin mutum ɗaya ga ɗakuna 6, aka sake samun irin wannan saɓani. Dalili kuwa a fili yake: sabulu, man kitso, rini, lalle da ƙura duk suna sauya abin da ke jikin gashi. Gashi yana da amfani a wasu bincike na musamman, amma ba ya gaya wa mutum bitamin ɗin da zai saya.

Gwajin abincin da jiki ba ya so. Ana ɗibar jini a auna wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IgG, a fito da jerin abinci masu yawa a ce a daina ci. Gaskiyar magana ita ce, jikin mai lafiya yana yin wannan sinadari ga abincin da ya saba ci. Wanda ke shan fura da nono kullum za a ga nasa ya hau a kan gero da madara, ba don suna cutar da shi ba. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai a 2008, da takwararta ta Kanada a 2012, duk sun yi gargaɗi a kan amfani da shi. Hatsarinsa a wurinmu babba ne, domin idan aka hana yaro madara, ƙwai, wake da gyaɗa a kan wannan takarda, an buɗe masa ƙofar tamowa. Wanda abinci ke sa wa borin jini, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, likita ya kamata ya gani.

Gwajin fitsari bayan shan maganin fitar da guba. A nan ana ba mutum maganin da ke janyo ƙarafa daga jiki, sannan a auna fitsarinsa, a kwatanta da ma'aunin mutanen da ba su sha komai ba. Ta haka kusan kowa zai fito a matsayin mai guba a jiki. Ƙungiyar likitocin guba ta Amurka ta yi watsi da wannan hanya a 2009.

Gwaji barkatai. Wasu cibiyoyi suna alfahari da cewa za su auna abu hamsin ko ɗari a lokaci guda. Ya kamata a fahimci yadda ake tsara iyakar da ake rubutawa a gefen sakamako: ana ɗaukar inda mutum 95 cikin 100 masu lafiya suka faɗa. Ma'ana, mutum 5 cikin 100 masu lafiya za su fita daga iyakar ba tare da wata cuta ba. A lissafi, idan aka yi wa lafiyayyen mutum gwaji 20 da ba su da alaƙa da juna, yiwuwar a sami aƙalla ɗaya da ya fita iyaka ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Mai son sayar da magani ba zai rasa jan layin da zai nuna ba.

Adalci ya sa mu ambaci cewa akwai gwaje-gwajen da ake yi ko a ƙananan asibitoci da shagunan magani waɗanda su ma ake wuce gona da iri a kansu. Gwajin Widal, wanda wani likitan Faransa ya ƙirƙiro a 1896, yana iya nuna taifot ga wanda ya taɓa yin cutar da daɗewa, ko wanda ke da wani zazzaɓi dabam. Yin sa sau ɗaya ba hujja ba ce, shuka jini a ɗakin gwaji domin ganin ko ƙwayar za ta tsiro shi ne abin dogaro. Haka nan a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a daina amfani da gwajin garkuwar jini wajen gano tarin fuka. Sai kuma ƙwayar sitaf da ake tsorata ma'aurata da ita da sunan ciwon sanyi: kusan mutum ɗaya cikin uku masu lafiya suna ɗauke da ita a hanci ko a fata, kuma ganinta a takarda kaɗai ba ya nufin ita ce ta hana haihuwa.

Kashi Na Uku: Na'urori Da Dabarun Da Ba Gwaji Ba Ne

Na'urar kwantom. Ita ce aka fi gani a kasuwanni da tashoshin mota. Ana shigar da shekarun mutum, tsawonsa da nauyinsa a kwamfuta, a ba shi wani ƙarfe ya riƙe na minti ɗaya ko biyu, sai ga shafuka masu yawa suna bayani a kan hanta, ƙoda, suga, maniyyi da ƙashi. Na'urar ba ta taɓa jini ba, ba ta taɓa fitsari ba, kuma babu hanyar da tafin hannu zai bayyana adadin sinadaran da ke cikin hanta. Wannan tunani ya samo asali daga wani likitan Jamus, Reinhold Voll, wanda a shekarun 1950 ya riƙa auna yadda lantarki ke ratsa fata. Abin da ke sauya irin wannan awo shi ne gumi da ƙarfin dannawa. A wani bincike da aka wallafa a 2001, an jarraba wata na'ura ta wannan dangi a Ingila a kan mutum 30, rabinsu masu borin jini da aka tabbatar, rabi kuma ba su da shi, ta kasa rarrabe su. Bai kamata a rikita wannan da sikanin na asibiti da ake yi wa masu juna biyu ba, wanda ke nuna hoton abin da ke ciki da gaske.

Duba baƙin ido. Wani likitan ƙasar Hangari, Ignaz von Peczely, shi ne ya zo da ra'ayin cewa kowane sashe na baƙin ido yana wakiltar wata gaɓa. A 1979 aka ba masu wannan sana'a su uku a Amurka hotunan idanun mutum 143, waɗanda 48 daga cikinsu suke da ciwon ƙoda. Ba su iya ware su ba. A 1988 aka maimaita a ƙasar Holan da masu duba biyar, da mutum 39 masu ciwon maɗaciya da 39 marasa shi, sakamakon bai wuce na cinta ba. Wannan dabam yake da abin da ma'aikacin lafiya ke yi idan ya duba farin ido domin shawara, ko cikin fatar ido domin ƙarancin jini. Shi ma bayan ya duba, ɗakin gwaji yake turawa a tabbatar.

Kallon ɗanyen jini a allo. Ana ɗiga jini a gilashi a nuna wa mutum a talabijin, a ce ga datti, ga jini ya yi kauri, ga tsutsa. Ƙwayoyin jini suna haɗuwa su jeru kamar kwabbai da zarar ɗigon ya fara bushewa, kuma abin da ake gani a gefen gilashin dabam yake da na tsakiya. Mai nunawa yana iya zaɓar wuri maras kyau kafin a sha maganinsa, ya zaɓi mai kyau bayan an sha.

Wankin ƙafa na fitar da guba. Ana sa ƙafa a ruwan gishiri mai ɗauke da wani ƙarfe da aka haɗa da lantarki, ruwan ya koma ja ko baƙi, a ce dattin jiki ne. Tsatsar ƙarfen ce ke rina ruwan, kuma zai rine ko ba a sa ƙafa ba. A wani bincike da aka wallafa a 2012 ne masu bincike na kwalejin nacurofati da ke Toronto ta ƙasar Kanada, wato 'yan gida, suka gwada irin wannan na'ura, ba su sami shaidar tana fitar da guba daga jiki ba.

Darasi Daga Gubar Dalma

Babu abin da ya fi nuna darajar gwaji na gaskiya kamar abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara ƙanana suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa, ana zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau. Sai da aka auna jininsu aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Gwajin jinin ne ya nuna waɗanda ke bukatar maganin fitar da gubar, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje. A 2015 aka sake samun irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Abin lura shi ne, guba a jiki ba tatsuniya ba ce, amma jini ake aunawa a gano ta, ba wankin ƙafa ko riƙe ƙarfe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce idan dalma ta kai 5 a ma'aunin maikurogiram, a nemo inda take fitowa a tsayar da ita. Ɗaya daga cikin hanyoyin shigarta shi ne kwalli na dutse da ake sa wa jarirai. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da dalma ta hau masa, aka gano kwallin da aka kai daga Nijeriya ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Gwajin Shi Kansa Maganin

Bayan gwajin mutum akwai gwajin abin da ake ba shi ya sha. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke da alhakin wannan. Maganin itatuwa da lambarsa ta ƙare da harafin L, an duba shi ne ta fuskar ko yana da guba, aka ba shi izini na ɗan lokaci. Wannan lamba ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtukan da ake lissafawa a lasifika.

Kasancewar abu daga tsiro ba ya nufin ba ya cutarwa. A farkon shekarun 1990 mata kimanin 100 a ƙasar Beljiyam suka kamu da mummunan ciwon ƙoda bayan shan wani haɗin ganye na rage ƙiba, da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe. A wani bincike da aka wallafa a 2004, an gwada magungunan gargajiya 70 na kudancin Asiya da ake sayarwa a Boston, aka sami dalma ko zaiba ko asinik a cikin 14. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha gano maganin asibiti da aka ɓoye a cikin abin da ake kira maganin ƙarfin maza na ganye, wanda ke iya faɗar da jinin mai shan wasu magungunan zuciya.

A saboda haka, duk wanda ya daɗe yana shan jiƙo ko gari ko ƙwayoyin ƙarin kuzari, ya dace ya je a auna masa hanta da ƙoda. Ya kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya duk abin da yake sha ba tare da jin kunya ba, domin wasu suna ɓata sakamakon gwaji. Alal misali, a 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa yawan shan bayotin, wanda ake sayarwa domin gashi da farce, yana iya sa gwajin bugun zuciya ya ba da sakamakon ƙarya. Masu ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya, tarin fuka da ƙanjamau kada su daina maganin asibiti saboda wata na'ura ta ce sun warke.

Tambayoyin Da Za A Yi Kafin A Biya Kuɗi

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Muna shawartar jama'a da su yi waɗannan tambayoyi:

1. Mene ne sunan gwajin, kuma wace cuta ake nema da shi?
2. Me za a ɗiba: jini, fitsari, bayan gida ko majina? Idan ba a ɗibi komai ba, ba gwajin ɗakin gwaji ba ne.
3. Wane ne zai yi shi, kuma yana da lasisi? Majalisar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ce ke yi wa masana kimiyyar gwaje-gwaje da ɗakunan gwaji rajista a Nijeriya. Mai gaskiya ba ya ɓoye takardarsa.
4. Takardar sakamakon tana ɗauke da sunan majinyaci, kwanan wata, adireshin wurin da sa hannun wanda ya yi?
5. Idan aka kai ta babban asibiti, likita zai yi aiki da ita?
6. Wanda ya yi gwajin shi ne kuma mai sayar da maganin? Idan gwaji kyauta ne amma kowa ya fito da cuta, kuma maganin yana cikin mota, to a yi hattara.
7. An buɗe sabuwar allura a gaban mutum? Allura ɗaya ga mutane da yawa hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Wanda ya biya kuɗi bai sami amsar waɗannan ba, ya yi cinikin biri a sama.

Kira Ga Shugabanni Da Jami'ai

Masu yawo da na'urori ba sa sauka a gari sai sun nemi wurin zama da wanda zai tara musu jama'a. Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai da sarakunan kasuwa da kada su ba da ƙofar fada, harabar masallaci ko ajin makaranta ga duk mai cewa ya zo gwajin lafiya, sai an tuntuɓi sashen lafiya na ƙaramar hukuma an ga takardunsa. Jama'a suna ɗaukar saukar baƙo a ƙofar mai gari a matsayin amincewa, saboda haka nauyin yana da girma.

Jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da kwamitocin raya mazaɓu su riƙa sanar da mutane gwaje-gwajen da ake samu a cibiyar lafiya mafi kusa, da ranakun da ake yi, da abin da ake biya. Sau da yawa rashin katin gwaji ko rashin ma'aikaci a asibitin ƙauye shi ne ke tura mutane hannun masu na'ura, don haka a riƙa kai rahoton ƙarewar kayan aiki a kan lokaci.

Ga masu maganin gargajiya, wanzamai, ungozomomi da masu ɗori, muna tunatarwa cewa tura majinyaci ɗakin gwaji ko ɗaukar hoton ƙashi ba raguwar daraja ba ce. Ƙasashen Afirka sun keɓe ranar 31 ga Agusta ta kowace shekara domin maganin gargajiya, kuma abin da ake nema shi ne a tabbatar da mai amfani a ware maras amfani. Mai tari fiye da mako biyu, mai rama ba dalili, mai kumburin ƙafa da fuska, mai shawara, mai juna biyu da ke zubar da jini, da yaro mai jijjiga, duk asibiti za a garzaya da su ba tare da jinkiri ba.

Kammalawa

Lafiya uwar jiki ce, kuma neman magani umarni ne, amma sanin cutar shi ke gaba da magani. Gwajin da ya cancanci kuɗin talaka shi ne wanda aka yi da samfuri na gaske, a hannun mai lasisi, wanda kuma zai ba da amsa ɗaya ko a ina aka maimaita shi. Muna roƙon waɗanda suka karanta wannan bayani da su isar da shi ga waɗanda ba su sami dama ba, a majalisu, wuraren ɗaurin aure da suna, da makarantun Islamiyya na matan aure.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.